Me Ya Sa 192.168.1.1 Ba Ya Fita Daga Gida?

Duk wanda ya taɓa juya bayan rautar gidansu ko ta ofis don neman kalmar sirri ya ga wata lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Masu ƙaramar na'urar Huawei ta aljihu kuwa sun fi sabawa da 192.168.8.1. Ita ake rubutawa a burauza idan ana so a canza sunan wayifai, ko a duba waye ke shanye data. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, lambar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Rautar shagon mai gyaran waya a Kano tana ɗauke da ita, ta wani gida a Maraɗi tana ɗauke da ita, ta wani ofis a Jakarta ma haka, duk a lokaci guda, kuma babu wadda ke takura wa 'yar'uwarta.

Matsalar ba ta bayyana sai ranar da mutum ya so ya taɓa na'urarsa daga nesa. Ɗan kasuwa ya sa an ɗaura masa kyamarar tsaro a shago, yana zaune a ciki yana kallon hotonta tar a adireshin 192.168.1.20. Da ya koma gida da dare ya rubuta lambar nan dai, shiru. Idan ya kira wanda ya ɗaura masa, amsar da zai ji ita ce, “Ai Alhaji wannan adireshin na cikin gida ne, ba ya fita waje.” Gaskiya ya faɗa. Sai dai amsar tana sa mutum ya zaci akwai wani abu a jikin lambar da ke hana ta tafiya, alhali babu. Wayar ƙarƙashin teku ba ta san bambancin 192.168.1.20 da 8.8.8.8 ba, dukkansu jerin sifili da ɗaya ne guda 32. Abin da ke tare ta yana cikin yadda intanet ke nemo hanya, da kuma wata yarjejeniya da aka rubuta a 1996.

Tsarin adireshin da muke kira IPv4 an bayyana shi ne a watan Satumba na 1981, cikin takardar RFC 791 da Jon Postel ya shirya a Amurka. Kowane adireshi lambobi huɗu ne, kowace daga 0 zuwa 255, wanda ya ba da jimlar 4,294,967,296. A lokacin kwamfutocin da ke haɗe ɗaruruwa ne kacal, don haka biliyan huɗu ta yi kama da abin da ba zai taɓa ƙarewa ba. Aka yi ta rabo hannu sake. Jami'ar MIT, da kamfanonin IBM da Ford da Apple, kowanne ya samu adireshi sama da miliyan 16 shi kaɗai.

Idan wayarka za ta aika saƙo, tana yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti. A goshin kowane fakiti akwai adireshi biyu: na inda ya fito da na inda za shi. Rautar da ya fara isa gare ta tana duba adireshin inda za shi, ta leƙa jadawalinta, ta miƙa shi ga rauta ta gaba. Ita ma haka za ta yi. Babu rauta ɗaya da ta san hanyar daga farko har ƙarshe, kowace maƙwabciyarta kawai ta sani. Rautar gida ma ba ta wahalar da kanta: duk abin da ba na cikin gida ba ne, sai ta tura wa kamfanin sadarwa, shi ya ji da shi.

Amma a can tsakiyar intanet, inda manyan kamfanoni ke haɗuwa, akwai rautocin da ba su da wani na sama da za su tura wa. Dole su san inda kowane rukunin adireshi yake. Suna sanin haka ta wata ƙa'ida mai suna BGP, wadda Yakov Rekhter da Kirk Lougheed suka fara tsarawa a 1989. Aikinta shela ne. Kowane kamfani ko jami'a ko banki da ke da rukunin adireshi yana sanar da maƙwabtansa cewa rukuni kaza yana hannunsa. Maƙwabtan su sanar da nasu maƙwabtan, suna ƙarawa da cewa ta wajensu ake bi. Cikin 'yan mintuna labari ya karaɗe duniya. Jadawalin da ke fitowa daga wannan shela a yau ya haura rukunai 900,000, daga cibiyoyi sama da 70,000.

Ginin nan gaba ɗaya a kan sharaɗi ɗaya yake tsaye: kowane rukuni mai shi ɗaya ne. Idan ka shiga adaidaita sahu a Kano ka ce a kai ka Tudun Wada, direba ba zai tambaye ka komai ba, domin a garin an san wadda ake nufi. Amma je ka tashar Agege a Legas ka ba direba saƙo, ka rubuta “Tudun Wada” kawai a jikin kwalin. Ta Kano? Ta Kaduna? Ta Zariya, ko ta Jos, ko ta Gusau? Sunan bai lalace ba, motar ma lafiyarta ƙalau. Kawai dai sunan ya daina nuna wuri ɗaya da zarar an fita daga garin. Haka 192.168.1.20 yake: a cikin shago kyamara ɗaya yake nunawa, a tsakiyar intanet kuwa miliyoyin na'urori ne za su amsa shi.

Wanda ya san harkar zai iya cewa, ai 8.8.8.8 na Google daga wurare da yawa ake shelarsa. Haka ne. Amma mai shi ɗaya ne, kuma duk cibiyar da fakitinka ya faɗa, amsa iri ɗaya za ka samu. Kyamarar shagonka da firintar wani asibiti a Birazil ba aiki ɗaya suke yi ba.

Duniya ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan mutum biyu kacal suka yi shelar rukuni ɗaya. A watan Fabrairu na 2008, gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a ƙasar. Ranar 24 ga watan, kamfanin Pakistan Telecom ya aiwatar da umarnin ta hanyar gaya wa rautocinsa cewa wani yanki na adireshin YouTube yana hannunsa, don duk mai nema daga cikin ƙasar ya faɗa rami. Sai shelar ta ɓulle zuwa kamfanin PCCW na Hong Kong, shi kuma ya watsa wa duniya. Da yake rautoci sun fi fifita shelar da ta fi ƙayyade wuri, masu neman YouTube daga nahiyoyi daban-daban suka riƙa kwarara Pakistan, shafin ya ɗauke kusan awa biyu. A wannan rikicin akwai mai gaskiya da mai kuskure, don haka aka gyara. Da za a bar adireshin cikin gida su shiga shela, masu da'awa miliyoyi ne, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ba alƙalin da zai iya raba wannan gardama.

Akwai wani ɓangare da ya fi wannan ban sha'awa, wanda masu bayani kan tsallake. Fakitin da ke ɗauke da adireshin cikin gida a matsayin inda ya fito yana iya fita, har ma ya isa. Rauta ta al'ada inda fakiti za shi take dubawa, ba ta damu da inda ya fito ba. A ce wani fakiti ya tashi daga 192.168.1.20 ya nufi wata sabar a Jamus, kuma ba wanda ya tare shi. Zai isa lafiya. Sabar ta karanta, ta shirya amsa, ta rubuta 192.168.1.20 a matsayin inda amsar za ta. Daga nan labari ya ƙare. Ko dai amsar ta faɗa kan wata kwamfuta da ke cikin ginin sabar mai irin wannan lamba, wadda ba ta tambayi komai ba, ko ta yi gaba har ta iske rautar da ba ta da wannan rukuni a jadawalinta, a yar da ita. Kusan duk abin da muke yi a intanet kuwa sai da kai da komowa. Ƙa'idar TCP, wadda buɗe shafi da aika imel suka daɗe suna dogaro da ita, ba ta fara aika komai sai an yi gaisuwa sau uku tsakanin ɓangarorin biyu. Idan amsar farko ba ta dawo ba, magana ba ta ma fara ba.

To ta yaya aka yi aka ware waɗannan lambobi? A farkon shekarun 1990 ya bayyana cewa rabon da ake yi ba zai ɗore ba. A gefe guda kuma kamfanoni da yawa suna haɗa kwamfutocinsu a cikin gida ba tare da niyyar shiga intanet ba, kowa ya tsinci lambar da ta yi masa ya liƙa. Ranar da irin wannan kamfani ya yanke shawarar shiga intanet, sai a tarar lambobinsa na wani ne. A watan Maris na 1994 aka fitar da RFC 1597, wadda ta ce a ware wasu rukunai kowa ya ɗiba ba tare da neman izini ba, bisa sharaɗin ba za su fita waje ba. Ba kowa ya yarda ba. Watanni huɗu bayan nan wasu injiniyoyi huɗu, cikinsu har da Eliot Lear, suka fitar da RFC 1627 suna sukar shawarar, suna cewa za ta karya ginshiƙin intanet na cewa kowace na'ura tana da adireshinta da ba na kowa ba. Aka yi ta muhawara, har a Fabrairun 1996 aka fitar da RFC 1918, wadda ke aiki har yau. Sunan Lear yana cikin marubutanta biyar, tare da Rekhter ɗin nan na BGP.

Rukunai uku ta tabbatar. Duk adireshin da ya fara da 10, guda 16,777,216 ke nan. Sai daga 172.16 zuwa 172.31, guda 1,048,576, wanda masu iPhone ke gani idan sun kunna hotspot, a siffar 172.20.10.1. Sai mai farawa da 192.168, guda 65,536, mafi ƙanƙanta kuma mafi shahara. Rukunin 10 ɗin yana da tarihi: shi ne lambar ARPANET, kakar intanet, wadda aka rufe a 1990, lambarta ta zauna ba mai amfani da ita.

Takardar ta ce kada a yi shelar waɗannan rukunai tsakanin cibiyoyi, kuma kada a ƙetarar da fakitin da ke ɗauke da su daga wata cibiya zuwa wata. Ba doka ba ce ta wata ƙasa, babu kotun da ke hukunta wanda ya saɓa. Injiniyoyin kowane kamfani ne ke sa matata a rautocin bakin iyakarsu, su ƙi karɓar shelar 10 ko 192.168 daga kowa. A shekarar 2000 aka ƙara da wata shawara, BCP 38, wadda ta nemi kamfanoni su riƙa duba inda fakiti ya ce ya fito, su yar da na ƙarya. Wasu na bi, wasu ba sa bi, shi ya sa har gobe ana samun yoyo. Tambayoyin da kwamfutoci ke aikawa waje suna neman sunan adireshin cikin gida sun yi yawan da sai da aka kafa wani shiri na sa-kai, AS112, don kawai ya riƙa shanye su kada su dami manyan sabobin sunaye.

A cikin cibiya ɗaya kuwa, komai girmanta, adireshin nan suna tafiya ba wata matsala. Banki mai rassa ɗari yana iya haɗa su duka da rukunin 10, fakiti ya tashi daga reshen Sakkwato ya sauka hedikwata a Legas. Kamfanonin waya ma da su suke lambanta na'urorinsu na ciki, shi ya sa wanda ya bi sawun fakitinsa da traceroute yakan ga lambobi masu farawa da 10 a matakan farko. Iyakar ba nisa ba ce, iyakar ita ce inda ikon mai rabon lambobin ya tsaya.

Amfanin ware rukunai na musamman ya fito fili a 2018. Ranar 1 ga Afrilu na shekarar kamfanin Cloudflare, tare da hukumar APNIC, ya fara ba da hidima a adireshin 1.1.1.1. Sai aka gano cewa na'urori da yawa, na otal-otal da na kamfanonin sadarwa, sun daɗe suna amfani da lambar a cikin gida, don tana da sauƙin haddacewa kuma sun ɗauka ba ta kowa ba ce. Mutanen da ke bayan irin waɗannan na'urori suka kasa isa ga sabuwar hidimar, fakitinsu na maƙalewa a gida.

Saura tambayar da mai karatu ke riƙe da ita tun ɗazu: idan adireshin wayata ba ya fita, ta yaya nake buɗe Facebook? Amsar ita ce NAT, dabarar da Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana a RFC 1631 cikin Mayun 1994. Rautarka tana da fuska biyu. Ta ciki tana ɗauke da 192.168.1.1, ta waje tana ɗauke da adireshin da kamfanin sadarwa ya ba ta, mu ce 203.0.113.7 don misali. Idan fakitin wayarka zai fita, rauta tana goge adireshin wayar ta rubuta nata na waje, ta haɗa da wata lamba ta daban da ake kira lambar ƙofa, sannan ta rubuta a jadawalinta cewa ƙofa kaza ta waya kaza ce. Da amsa ta dawo ta wannan ƙofar, sai ta mayar da adireshin wayar ta miƙa mata. Duniya ba ta taɓa ganin 192.168 ɗinka ba. Wayoyi ashirin a gida, adireshi ɗaya ake gani daga waje.

A nan ne matsalar kyamarar shago take. Jadawalin NAT ba ya samun sabon layi sai wani daga ciki ya fara magana. Fakitin da ya zo daga waje haka kawai, rauta ba ta san wa za ta ba shi ba, sai ta yar. Maganin da aka saba shi ne a shiga shafin rautar a ce mata duk abin da ya zo ta ƙofa kaza na kyamara ne. Wannan yana aiki idan fuskar waje ta rautar adireshin duniya, wato irin wanda ake shelarsa, take ɗauke da shi. Sau da yawa a yanzu ba haka ba ne.

Dalili shi ne rumbun adireshin ya ƙare. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA, mai riƙe da rumbun, ta raba manyan rukunai biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, cikinsu har da AFRINIC mai kula da Afirka daga Morishus. Hukumar Turai, RIPE, ta sanar da ƙarewar nata a Nuwamban 2019. Adireshi ya zama haja: tun a 2011 Microsoft ya sayi guda 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe, a kan dala miliyan 7.5. Ƙasashen da jama'arsu suka shigo intanet a makare, ta wayar hannu, su suka tarar da ƙasan tukunya. Kamfanin da ke da masu layi miliyoyi ba shi da adireshin da zai ba kowa, don haka sai ya kafa nasa babban NAT ɗin, ya tara ɗaruruwa ko dubban kwastomomi a bayan adireshi kaɗan. A 2012 aka ware wa wannan aiki rukuni na musamman, daga 100.64 zuwa 100.127, shi ma ba a shelarsa. Mai rautar da ke aiki da layin waya yakan kasance a bayan NAT biyu, nasa da na kamfani, kuma na kamfanin ba shi da ikon taɓa shi.

Shi ya sa kyamarorin zamani ke zuwa da manhaja. Kyamarar ce ke kiran sabar kamfanin da ya ƙera ta, wayarka ma ta kira sabar, a haɗa ku a can. Yana aiki, amma ya kamata mai shago ya san cewa ganin shagonsa ya rataya a kan wata sabar da bai san inda take ba, kuma ranar da kamfanin ya rufe ta, kyamarar ta koma ta cikin gida. Tarayya a adireshi ɗaya kuma ita ke sa wani shafi ya riƙa tambayarka ko kai mutum ne, ko ya toshe ka kan laifin da wani mai layi irin naka ya aikata. A ganina masu sukar 1994 ba su yi kuskure ba. Dabarar ta tsawaita ran IPv4 da shekaru talatin, amma ta raba masu amfani da intanet gida biyu: waɗanda ake iya kira, da waɗanda sai dai su kira.

Wasu kan ɗauki wannan a matsayin tsaro, su ce tunda ba a iya isowa gare su daga waje, sun tsira. Rabin gaskiya ce. Baƙon fakiti ba ya shigowa, amma muguwar manhajar da ka sauke da hannunka daga ciki take kira, kuma NAT zai buɗe mata hanya kamar yadda yake buɗe wa kowa. Rautar da aka bar kalmar sirrinta yadda ta zo daga kamfani, duk wanda ya hau wayifai ɗin yana iya juya ta.

Hanya ɗaya da fakiti mai adireshin cikin gida ke ƙetare intanet ita ce a naɗe shi cikin wani fakitin mai adireshin duniya, a kwance shi a ɗaya gefen. Aikin VPN na ofisoshi ke nan. Ko a nan ma tsohuwar matsalar tana biyo mutum: idan gidan ma'aikaci da ofishinsu duka 192.168.1 suke amfani da shi, kwamfutarsa za ta nemi sabar ofis a cikin falonsa. Wanda ke tsara hanyar sadarwar ofis, gara ya zaɓi wani lungu na rukunin 10 da ba kowa ke zuwa ba.

Maganin dindindin shi ne IPv6, mai jerin sifili da ɗaya guda 128 maimakon 32, wanda ke da adireshin da ya ishi kowace na'ura ta samu nata ba tare da NAT ba. Shi ma an ware masa rukunin cikin gida a 2005, masu farawa da fd, kuma su ma ba a shelarsu, domin buƙatar lambobin da ba sa fita waje ba ta gushe ba.

Kafin ka biya wani ya buɗe maka ƙofa a rauta, shiga shafinta ka duba adireshin da aka ba fuskarta ta waje, sannan ka gwada shi da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. Idan ba su zo ɗaya ba, ko ka ga ya fara da 10, ko 192.168, ko yana tsakanin 172.16 da 172.31, ko tsakanin 100.64 da 100.127, to a bayan wani NAT ɗin kake, kuma idan na kamfani ne babu saitin da zai canza hakan daga ɓangarenka. Kamfanin za ka tambaya ko yana sayar da adireshin duniya, ko ya fara ba da IPv6.